Motar lantarki ta kafa tarihi a filin tsere, shin in sayi hannun jarin kamfaninta?

"Assalamu alaikum Injiniya. Kwanan nan na yi ta kallon bidiyon motocin lantarki suna kafa tarihi a filin tseren Nurburgring na Jamus, yau Tesla, gobe Porsche, jibi wata ta Chaina. Ina da ɗan abin da na tara, kuma zuciyata na raya mini in zuba shi a hannun jarin kamfanin da motarsa ta fi gudu, tunda shi ya fi fasaha, ke nan gaba tasa ce. Wannan lissafin nawa ya yi kuwa? Sannan da gaske ne motar lantarki ta riga ta kai ta fetur ƙasa a tsere?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko ta injiniyoyi ce: me motar lantarki ke iyawa a filin tsere, kuma ina take gazawa. Ta biyu ta kasuwa ce: ko gudun mota yana nuna inda riba za ta sauka. Ta farkon ita ce sana'ata, na daɗe ina gwajin motoci ina bin sawun zafin batir a kwamfuta. Ta biyun kuwa aljihuna ne ya koya mini ita, kuma kuɗin makarantar bai zo da sauƙi ba. Zan fara da wadda na fi sani, domin idan ka gane abin da agogon filin tsere yake aunawa, amsar ta biyu za ta zo maka da kanta.

Abin da minti bakwai ke aunawa

Hanyar arewa ta Nurburgring tsawonta kilomita 20.8 ne, cikin daji da tuddai, ga hawa ga gangara ga kwanoni birjik. Shi ya sa masu ƙera motoci suka mayar da ita ma'auni. Alƙaluman da ka gani gaskiya ne. A 2021 Tesla Model S Plaid ta zagaye ta cikin minti 7 da daƙiƙa 35. Porsche Taycan ta karɓe kambun a 2022 da minti 7 da daƙiƙa 33, Tesla ta dawo a 2023 da 7 da 25. A shekarar kuma Rimac Nevera ta Kuroshiya, mai ƙarfin doki 1,914, ta yi 7 da daƙiƙa 5. Taycan Turbo GT ta yi 7 da daƙiƙa 7 a farkon 2024, sannan Xiaomi, kamfanin da duniya ta sani da wayar salula, ya zo da SU7 Ultra mai ƙofa huɗu ta sauka ƙasa da minti 7 da daƙiƙa 5 a 2025. Rabin minti aka zabge cikin shekara huɗu, kuma a irin wannan fage rabin minti ba abin wasa ba ne.

Amma a ce an kai fetur ƙasa, da sauran rina a kaba. Porsche 911 GT2 RS mai shan fetur zalla ta yi minti 6 da daƙiƙa 43 tun 2021, da ƙarfin da bai kai rabin na Nevera ba. Mercedes-AMG One, wadda ta haɗa fetur da lantarki, ta yi 6 da 29 a 2024. Motar tsere ta Porsche 919, ita ma mai haɗa fetur da lantarki, tun 2018 ta ajiye minti 5 da daƙiƙa 19, alhali Volkswagen ID.R, motar tseren lantarki da aka ƙera musamman don kafa tarihi, ta tsaya a 6 da daƙiƙa 5 a 2019.

To me ya sa mota mai doki kusan dubu biyu ke bin bayan mai ɗari bakwai? Dalilin na cikin tanki. Lita ɗaya ta fetur na ɗauke da makamashin da ya kai kusan kilowat-awa 9. Babban batir mai kilowat-awa 100 ke nan daidai yake da lita 11 kacal. Abin da ke ceton motar lantarki shi ne injinta ba ya almubazzaranci: kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha yana kai wa taya, yayin da injin fetur na titi ke ƙone kusan kashi biyu cikin uku ya fitar da shi a matsayin zafi ta salansa da lagireto. Ko da an yi wannan ragi, batirin nan bai wuce aikin lita talatin da 'yan kai ba. Wannan fetur ɗin nauyinsa kamar kilo 25 ne. Batirin kuwa ya haura kilo 500. Kuma tankin fetur yana sauƙi yayin da ake gudu, shi batir ko ya ƙare ƙarƙaf nauyinsa na nan daram.

Shi ya sa Plaid da Taycan duk sun haura tan biyu, alhali 911 GT3 ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. A miƙaƙƙiyar hanya nauyi ba ya damun motar lantarki, don tana ba da ƙarfinta gaba ɗaya daga lokacin da ka taɓa totur, babu jiran inji ya ɗauka, babu canjin giya. A kwana ne take biyan bashi. Duk kilon da ka tura da gudu sai birki ya tsayar da shi, sai taya ta juya shi.

Babbar matsalar ma ba nauyin ba ce, zafi ne. Idan ka ninka wutar da kake zuƙa daga batir, zafin da ke taruwa a cikinsa da cikin wayoyi ninki huɗu yake yi. Iska ma tana da nata harajin: ninka gudu sau biyu yana buƙatar ƙarfi ninki takwas don keta ta. Batirin litiyom kuma ɗan lele ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 40, in ya doshi 60 kwamfutar motar za ta rage masa aiki da kanta don kada ya lalace ko ya kama wuta.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani gwaji da muka yi da rana tsaka, da wata mota da ba zan kama sunanta ba. Ina zaune a rumfar gefen fili da kwamfuta a cinya. Zagayen farko direban ya fito daga kwanar ƙarshe kamar an harba kibiya, babu ƙara sai kukan taya da wani siririn fito. Zagaye na biyu ma haka. Ni kuwa ina kallon layin zafin batir yana hawa ba tare da ya huta ba ko a wuraren da ake taka birki, domin wutar da birki ke mayarwa cikin batir ita ma zafi take ƙarawa. A tsakiyar zagaye na uku direban ya kira ta rediyo yana tambaya ko wani abu ya karye, wai ya take totur har ƙasa amma motar tafiya take kamar an ɗaura mata tirela. Babu abin da ya karye. Kwamfuta ce ta janye ƙarfin. Da ya shigo, faifan birkin gaba ya canza launi, warinsa ya cika rumfar, tayar gaba ta gefen da ke ɗaukar nauyin kwanoni ta yi gudaji-gudaji kamar an goga ta a dutse. Muka zauna jiran sanyi da caji fiye da lokacin da muka yi muna gudu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a motar lantarki miyar ita ce sanyin batir.

Da wannan za ka fahimci dalilin da ya sa duk nasarorin lantarki gajeru ne. Inda ta yi sarauta ta haƙiƙa shi ne hawan dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado ta Amurka, kilomita 20 da kwana 156, ana ƙarewa a tudun da ya haura mita 4,300. Can sama iska ta yi ƙaranci, injin fetur na shaƙewa, shi kuwa injin lantarki bai san ana yi ba. A 2018 Romain Dumas ya hau da ID.R cikin minti 7 da daƙiƙa 57, ya karya tarihin da Sebastien Loeb ya kafa da Peugeot mai fetur a 2013. A gajeren hawan Goodwood na Ingila ma wata 'yar ƙaramar mota, McMurtry, mai fanka a ƙarƙashinta da ke manna ta da ƙasa, ta yi daƙiƙa 39.08 a 2022. Amma duba gasar Formula E, ta motocin lantarki zalla, da aka fara a Beijin a 2014: shekara huɗu na farko sai direba ya tsaya a tsakiyar tsere ya fice daga mota ya shiga wata, don batir ɗaya ba ya kai shi ƙarshe. Sai a ƙarshen 2018 aka daina. Tseren awa 24 na Le Mans kuwa har yanzu masu fetur da masu haɗa fetur da lantarki ne ke cin shi.

Kada ka ɗauka ina rena waɗannan alƙaluma. Kamfanin da motarsa ta yi minti bakwai ana matsa mata ba ta rage ƙarfi ba, ya ƙware a sanyaya batir, kuma wannan ƙwarewar ce ke sa mota ta yi caji da sauri a tasha ba tare da batirin ya tsufa da wuri ba. Tsarin wuta mai ƙarfin bolt 800 da Taycan ta shigo da shi a 2019 misali ne: ninka ƙarfin wuta yana rage yawan wutar da ke bin waya zuwa rabi, zafi ya sauka sosai, yanzu ga shi a motocin Hyundai da Kia na iyali. Wannan shaida ce a kan injiniyoyin kamfani. Sai dai kai ba injiniyoyin za ka saya ba.

Wanda ya ci tsere da wanda ya ci riba

Dillalan motoci a Amurka suna da tsohuwar magana, wai ka ci tsere ranar Lahadi ka sayar da mota ranar Litinin. A da can tana da ƙanshin gaskiya. Bari mu auna ta da kamfanonin da ka gani a bidiyo.

NIO na Chaina ya riga kowa: motarsa EP9 ta yi minti 6 da daƙiƙa 45 a Nurburgring a 2017. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyok a 2018 a kan dala 6.26. Kafin ƙarshen 2019 kuɗi sun kusa ƙare masa, sai da masu zuba jari na gwamnatin birnin Hefei suka tallafe shi da yuwan (kuɗin Chaina) biliyan 7 a 2020. Daga nan hannun jarin ya tashi ya haura dala 60 a farkon 2021, sannan ya gangaro ƙasa da dala 5. Motar nan dai ita ce, lokacinta a fili bai canza da daƙiƙa ɗaya ba, amma mai hannun jari ya ga talauci, ya ga arziki, ya sake ganin talauci.

Porsche ya fi ba ni mamaki, don shi ba sabon shiga ba ne. An fara sayar da hannun jarinsa a Frankfurt a Satumban 2022 a kan yuro 82.50. A shekarar 2024 da Taycan Turbo GT ke kan bakin kowa, cinikin Taycan ya faɗi da kusan rabi, cinikin kamfanin a Chaina ya ragu da kashi 28 cikin ɗari. A 2025 hannun jarin ya koma kusan rabin farashinsa na farko, aka kuma cire shi daga jerin manyan kamfanoni 40 na kasuwar Jamus. Shi kuwa Rimac ba a ma sayar da hannun jarinsa a kasuwa, kuma mai kamfanin, Mate Rimac, ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa attajiran da ke sayen irin waɗannan motoci ba sa ɗokin na lantarki. Guda 150 kawai aka tsara ƙerawa, su ma ba su tafi da sauri ba.

Za ka ce to Tesla fa? Gaskiya ne, wanda ya saya a 2010 a kan dala 17 ya riƙe, ya yi dace irin wanda ba a cika gani ba, don bayan raba hannun jarin da aka yi a 2020 da 2022 kowane guda ya zama 15. Amma ba Plaid ce ta kawo wannan ba. Cikin motoci miliyan 1.79 da Tesla ya sayar a 2024, fiye da kashi 95 cikin ɗari Model 3 ne da Model Y, motocin kai yara makaranta. Abin da ya ɗaga kamfanin shi ne ya iya ƙera su da yawa a kan riba, musamman bayan buɗe masana'antar Shanghai a ƙarshen 2019. Kuma ko a nan hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: hannun jarin ya ninka fiye da sau takwas a 2020, ya zubar da kusan kashi 65 cikin ɗari a 2022. Da aka fara yaƙin rage farashi a 2023, ribar gudanarwarsa, wato abin da ke raguwa cikin ciniki bayan an cire kuɗin ƙera motoci da na tafiyar da kamfani, ta sauko daga kusan kashi 17 cikin ɗari zuwa kusan 9, a daidai shekarar da Plaid ta sake karɓar kambu.

Wani da ya ci moriyar wannan fage sosai bai kalli filin tsere ba. Kamfanin Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya sayi kusan kashi 10 cikin ɗari na BYD na Chaina a 2008 a kan dala miliyan 230 ko kusa da haka, lokacin da BYD ya fi suna a batirin waya. Abin da suka hango shi ne kamfani mai ƙera batirinsa da kansa da arha. A 2024 BYD ya sayar da motoci sama da miliyan 4.2. Daga baya ne, da kuɗi suka zauna, ya ƙera motar gudu ta Yangwang U9 ya kai ta fili. Riba ce ta haifi tseren.

Akwai togaciya guda, Ferrari. Shi tsere shi ne hajarsa, motoci ƙasa da dubu 14 yake sayarwa a shekara da ribar gudanarwa kusan kashi 28 a 2024, don masu saye sunan suke biya. Amma Aston Martin ma yana da suna da tarihin tsere, ya shiga kasuwar Landan a 2018 a kan fam 19, ya rasa fiye da kashi 90 na darajarsa.

Ni kaina na faɗa wannan rami a 2021. Na ga bidiyon wani sabon kamfani, na karanta bayanan injinsa da tsarin sanyayawarsa, na ce waɗannan sun san aiki. Kuma sun san shi. Abin da ban buɗe ba shi ne rahoton kuɗinsu. Da na buɗe da na ga kowane wata uku suna ƙone kuɗin da ya ninka abin da ke shigo musu, kuma hanyar cike giɓin ita ce buga sabbin hannayen jari, nawa kason yana ƙanƙancewa ina zaune. Na fita da ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na sa. Ilimina ne ma ya rufe mini ido, don na ɗauka sanin mota sanin kamfani ne.

Abin da nake dubawa yanzu

Sana'ar ƙera mota mugun ciniki ce tun kafin zuwan lantarki. Masana'anta ɗaya na cin biliyoyin daloli kafin mota ta farko ta fito, kuma ko an sayar ko ba a sayar ba sai an biya ma'aikata da bashi. General Motors da Chrysler duk sun durƙushe a 2009, masu tsohon hannun jarin General Motors suka tashi a tutar babu. A wannan zagayen, cikin sabbin kamfanonin motocin lantarki na Amurka, Lordstown ya faɗi a 2023, Fisker a 2024, Nikola da Canoo a 2025. Rivian bai faɗi ba, amma ya shiga kasuwa a kan dala 78 a Nuwamban 2021, cikin kwanaki darajarsa ta wuce ta Ford da ta General Motors, daga baya ya rasa kusan kashi 90 daga ƙololuwarsa.

Don haka abin da na fara nema shi ne ko kamfani na samun wani abu a kan kowace mota bayan an cire kuɗin ƙera ta. In a nan ma asara yake yi, yawan ciniki ƙara zurfin rami ne. Sai in duba tsabar kuɗin da ke hannunsa in raba da abin da yake ƙonewa, in ga wata nawa suka rage masa kafin ya dawo roƙo. Ina kuma kwatanta yawan hannayen jarinsa na bana da na shekara uku baya, wannan lamba ɗaya tana tona asiri da yawa.

Sauran abubuwan ba a hannun kamfani suke ba. Farashin litiyom ya kai kusan yuwan dubu 600 kan tan a ƙarshen 2022, shekara guda bayan haka ya sauko zuwa kusan dubu 100. Amurka ta ɗora harajin kashi 100 kan motocin lantarki na Chaina a 2024, Tarayyar Turai ta ƙara nata a shekarar, sannan rangwamen dala 7,500 da ake yi wa masu saye a Amurka ya ƙare a Satumban 2025. Sa hannun ɗan siyasa ɗaya ya fi daƙiƙa goma a Nurburgring motsa farashi.

Sai kuma farashin da kai za ka saya, wanda mutane suka fi mantawa. Kamfani nagari da aka saya da tsada mugun jari ne. An sha sayar da hannun jarin Tesla a kan ninki ɗari ko fiye na ribarsa ta shekara, yayin da na Toyota, wanda ke sayar da motoci sama da miliyan goma, ke wajen ninki goma. Mai sayen Tesla a irin wannan farashi ba mota yake saye ba, caca yake yi a kan mota mai tuƙa kanta da mutum-mutumi. Yana iya dacewa, amma ya san abin da ya sa kuɗinsa a kai.

In ka yi imani lantarki ce gaba, ni ma na yi, to ba dole sai ka zaɓi doki ɗaya ba. Akwai asusun haɗaka da ke tara kamfanoni da yawa wuri guda, akwai masu ƙera batir irin su CATL da ke riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasuwar duniya kuma suna sayar wa abokan gaba duka. Su ma suna da nasu haɗarin, gasar rage farashi ba ta bar kowa ba. Ni injiniya ne, ba mai lasisin ba da shawarar jari ba, kuma nauyin da ke kanka kai ka san shi. Abin da zan iya cewa da ƙarfi shi ne kuɗin da za ka buƙata cikin shekara biyar ba su da wurin zama a hannun jarin kamfanin mota ɗaya, kuma kada ka ci bashi don wannan.

Ga aikin gida kafin ka taɓa ko sisi. Ɗauki kamfanin da bidiyonsa ya fi burge ka, ka nemo rahotonsa na shekara, ka raba riba ko asararsa da yawan motocin da ya miƙa wa masu saye. Gwada da Lucid, wanda motarsa Air Sapphire na cikin mafi gudu da aka taɓa ƙerawa masu ƙofa huɗu, kuma a ganina injin lantarkinsa na cikin mafi kyau a duniya. A 2023 ya miƙa motoci 6,001, ya yi asarar kusan dala biliyan 2.8. Hakan ya kama kusan dala dubu 470 a kan kowace mota, ko da yake cikin wannan akwai kuɗin bincike da na gina masana'anta. Abin da ya riƙe shi tsaye shi ne asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, mai rinjayen hannun jarinsa, wanda ke ƙara zuba kuɗi ana buga masa sabbin hannayen jari. A 2025 sai da kamfanin ya haɗe kowane hannun jari goma ya mayar da su ɗaya.